Abin da Tafinta Ya Ji

Sabo, Ibadan
Watan Satumba

Yaya Sisiliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ya ƙarin haƙuri? Ya yara, ya ƙafar taki, ina fata kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da keken ɗinki ya gama da shi. Tunda an rufe muku layin waya na koma takarda da biro, kada ki yi wa rubutuna dariya. Gwadabe direban motar albasa ya ce zai riƙa sauke miki saƙo duk lokacin da ya bi ta hanyarku.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Na ga Rabe.

Rabe dai maƙwabcinku na Gidan Barmo, wanda kowa yake cewa shi ya nuna wa 'yan bindiga maɓoyar mijinki Yaya Arzika. Na je kasuwar Bodija karɓar barkonon da kika aiko, sai ga shi da buhun albasa a ka, yana dako. Ya rame ya yi baƙi, amma ko a cikin toka aka birkiɗa shi zan gane tafiyar nan tasa ta mai jan ƙafar hagu. Bai gan ni ba. Na bi shi a baya har ya tashi aiki, kin san inda ya nufa? Sabo. Unguwarmu. Yana kwana a zauren Malam Zainulabidin, wani malamin makarantar allo da ke bayan layin 'yan canji. Daga shagona ina hango ƙofar.

Mutanen Sabo sun ɗauka ɗan gudun hijira ne kawai daga Katsina, suna ta ba shi abinci suna tausaya masa. Ko ruwa bai iya roƙa da Yarabanci ba, Turanci kuwa ba a magana. Ya zo ya ɓuya a cikin Hausawa, bai san akwai ɗan Gidan Barmo a bakin titi yana ɗinki ba.

Kullum da yamma sai ya wuce ta gaban shagona. Jiya ina riƙe da almakashi ya wuce, ban san na matse shi ba sai da na ga shaidarsa a tafin hannuna. Mijinki shi ya tsaya mini ranar baftisma, shi ya sa ni a mota ranar da zan taho kudu. Yana cikin ƙasa, wannan kuma yana yawo yana cin tuwon sadaka. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. Ki faɗa mini abin da kike so a yi.

Ƙanenki,
Barnabas Shekarau

Gidan Barmo
Watan Satumba

Barnaba,

Na amsa gaisuwarka, Ubangiji ya ba ka lafiyar bayan. Ƙafa da sauƙi, yara suna nan. Rubutunka kuwa kamar kaza ta bi ta kan takardar, amma na karanta. Ashe zaman Ibadan bai mayar da kai Bayarabe gaba ɗaya ba, da sauran jinin kakanninmu a jikinka.

Tunda na karanta takardar nan abinci ya ƙi shiga.

Kai ba ka nan, labari ka ji, bari in faɗa maka da hannuna. Tsohuwar rijiyar nan da ta ƙafe a bayan garken awaki, maigidana ya gyara ta tun bara, ya sassare matakala a ciki, ya rufe bakin da kara. Mutum ɗaya ne ya taya shi aikin, Rabe. Ranar da suka zo da rana tsaka, ba su shiga ɗaki ba, ba su leƙa rumbu ba. Kai tsaye suka wuce bayan garke suka yaye karan. Ina kwance cikin dawa da yara ina gani. Ga rigimar iyakar gona da suka yi da damina. Ga shi ko sadakar makoki ba a watse ba ya ɓace daga gari. In ba shi ba, wa?

Nomau ƙanen maigidana ya shiga 'yan sa-kai yanzu. Na karanta masa takardarka, sai da aka riƙe shi. Amma mai unguwa ya gargaɗe su, ba wanda za a taɓa sai da tabbaci, an gaji da kashe mutane a kan zato. Tabbacin nan shi nake nema. Kada ka taɓa shi tukuna, kada ka bari ya gane ka. Ka sa masa ido.

Wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar ban ƙara karɓar gurasar nan mai tsarki, Jikin Kristi, a coci ba. Fada limaminmu ya zo sau ɗaya kacal saboda hatsarin hanya, na zauna a benci ina kallon Dela matar Rabe ta shiga layi ta buɗe baki kamar ba abin da ya faru. Matan Zumuntar coci suna ta zungurata, na ƙi tashi. Ba zan ɗora Ubangiji a kan harshen da yake tsine wa mutum safe da yamma ba. Kuma gaskiya ni da Shi ma muna da magana. Maigidana bai taɓa fashin Hadaya, babbar addu'armu ta Lahadi, ba, ko katikis mataimakin Fada ne kawai zai yi addu'a shi ne na farko a coci. Yana cikin rijiyar nan yana jan carbinsa na rosari suka fito da shi.

Yayarka,
Sisiliya Tabawa

Sabo, Ibadan
Watan Oktoba

Yaya Sisiliya,

Salama ta Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, an fara yankan gero cikin kwanciyar hankali. Mu nan ruwa ne ya ƙi ɗaukewa, kwanon shagona yana yoyo, ban da haka ƙalau.

Allah ya kawo mana shi har gida.

Rabe ya faɗi a Bodija da buhu a kansa, yana tari da jini. 'Yan dako suka kai shi asibiti, likita ya ce an makara, ciwon ya ci ƙirjin. Aka dawo da shi zauren Malam. Suna canza masa riga sai ga rosari da gicciye a wuyansa. Kin san duk Sabo an san ni, ni ne telan nan mai zuwa coci a Mokola. Sai ga Malam Zainulabidin da kansa a ƙofar shagona, da carbinsa a hannu.

Ya ce, “Barnaba, baƙon nan nawa ashe naku ne. Ni na ga ba ya bin mu salla, na ɗauka ciwo ne, ban matsa masa ba.”

Na ce, “Malam, da ka san ko wane ne da ba ka ba shi ko tabarma ba.”

Ya ce, “Ban tambaye shi ranar da ya zo ba, ba zan tambaye ka yau ba. Mutuwa zai yi. Ni ban san yadda kuke sallamar naku ba. Ka kira masa malaminku, kada ya tafi haka a zaurena.”

Kunyar Malam ta sa na bi shi. Yaya, ya gane ni. Ya ɗago kai ya ce, “Barnaba ɗan Shekarau?” sai hawaye. Ni ko sannu ban ce masa ba. Ya riƙe bakin wandona ya ce in taimake shi in kawo masa Fada, yana so ya furta zunubansa ya karɓi Jikin Kristi kafin ya mutu.

Ga inda abin ya yi daɗi. Fadanmu na Mokola, Fada Oyelami, Bayarabe ne, Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “na gode” ba. Fadan da yake jin Hausa an mayar da shi Arewa tun bara. Na je na gaya masa, ya ce zai zo ranar Alhamis, kuma tunda Rabe da bakinsa ya nemi in tsaya, ni zan yi tafinta.

Kin gane? Duk abin da zai faɗa ta kunnena zai bi. Mutumin da ya ga kabari ba ya ɓoye wa Fada komai. Tabbacin da mai unguwa yake nema zan kawo miki shi daga bakin mai shi. Ki gaya wa Nomau ya shirya. Motar Gwadabe ta gaba za ta zo miki da komai, na yi miki alkawari.

Ƙanenki,
Barnabas

Gidan Barmo
Ƙarshen Oktoba

Barnaba,

Ina gaisuwa. Lafiya dai? Gwadabe ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tambaye shi ko ba ka da lafiya, ya ce ya gan ka ƙalau kana taka keke, da ya tambaye ka saƙo ka ce ba ka gama rubutawa ba.

Alhamis nawa ke nan ta wuce? Ko ya mutu kafin Fada ya iso? Ko ya ƙi magana? Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na fita da wannan ƙafar tawa. Nomau kullum yana ƙofar gidana. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Sisiliya

Sabo, Ibadan
Watan Nuwamba

Yaya Sisiliya,

Ina gaishe ki da yara. Lafiyata ƙalau, ki yafe mini jinkirin. Na rubuta takardar nan na yaga ya fi a ƙirga.

Fada ya zo ranar da ya ce. Malam ya sa an share zauren, ya kwashe ɗalibansa ya mayar da su gindin bishiya can nesa. Muna isa bakin ƙofa Fada ya tsaya, hannunsa dafe da ɗan gwangwanin zinariyar da yake ɗauko Jikin Kristi a ciki. Ya dube ni ya ce da Turanci, “Baba Barnabas, ka san abin da za ka shiga kuwa? Duk abin da ya bi ta bakinka a ɗakin nan ba naka ba ne. Kullen da ke bakina shi ke bakinka. Ba matarka, ba danginka. Ba da baki ba, ba da ido ba, ba da girgiza kai ba. In ba za ka iya ba ka faɗa yanzu, in shiga ni kaɗai, Allah yana jin Hausa.”

Yaya, tun ina yaro nake Katolika, wallahi ban taɓa sanin dokar ta hau kan tafinta ba. Na ɗauka Fada kaɗai ta ɗaure. Daga ciki Rabe yana kiran sunana, yana cewa so yake ya faɗa a ji. Na ce wa Fada zan iya. A raina kuwa cewa na yi bari dai in ji, daga baya na san dabarar da zan yi.

Abin da ya gudana daga nan har aka buɗe ƙofa, babu shi a takardar nan, kuma ba zai shiga wata ba.

Abin da zan iya faɗa miki shi ne wanda aka yi ƙofa a buɗe. Fada ya buɗe gwangwanin, na tsinci kaina a durƙushe. Ya ɗaga gurasar ya faɗi kalmar, ya dube ni, dole ni na mayar da ita Hausa. Da bakina na ce wa Rabe, “Jikin Kristi.” Maƙogwaronsa ya bushe ya kasa haɗiyewa, ni na tallafo kansa na ba shi ruwa. A nan dabarata ta ƙare. Ranar Lahadi zan je in buɗe baki a ba ni wannan gurasar. Ba zan iya sato abin da aka faɗa a gabanta in sa a motar albasa ba.

Na san na yi miki alkawari, na kuma karya. Ki zage ni, kina da gaskiya. Amma ki bar maganar Rabe a hannun Allah, abin ya fi ƙarfin bakina.

Ƙanenki,
Barnabas

Gidan Barmo
Watan Nuwamba

Barnabas,

Na ga takardarka. Tunda lafiyarka ƙalau, shi ke nan.

Ka ce ba za ka faɗa ba, amma ai ka faɗa. Na karanta ta sau da yawa. “Abin ya fi ƙarfin bakina.” Wane abu ne zai fi ƙarfin bakin ƙato irinka in ba jinin uban baftismarka ba? Da satar akuya ya furta da ka yi ta yaga takarda? Da ba shi ba ne da tuni ka ce Yaya ba shi ba ne, ki kwantar da hankalinki. Na gode, na gane. Na karanta wa Nomau, shi ma haka ya gane. Zai biyo Gwadabe in an gama lodi.

Amma kai, Barnaba, kai! Da hannunka ka tallafo kansa? Maigidana wa ya tallafo nasa? Wa ya ba shi ruwa? A bakin rijiya suka bar shi, kaji suna zagaya shi, sai da rana ta yi sanyi muka iya fitowa daga dawa. Babu Fada, babu man shafa wa mai mutuwa, babu Jikin Kristi. Shi kuwa wanda ya sayar da shi an share masa zaure, an kawo masa Ubangiji har kan tabarma, da tafinta, da ruwan kora.

Ni da aka zalunta ina zaune a benci da yunwa, shi ya ƙoshi. Wannan wace irin shari'a ce? In haka sama take, ya shiga ya tarar da maigidana su zauna tebur ɗaya, to ni a bar ni a waje.

Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito. Wani Fada da ko sunan garinmu bai iya faɗa ba ya ce ka yi shiru, ka zaɓe shi ka bar mu. Ina so Rabe ya ga fuskar Nomau kafin ya rufe ido. Ina so ya ji tsoron da maigidana ya ji lokacin da aka yaye karan nan. Kada ka tsaya a hanya.

Sisiliya

Sabo, Ibadan
Watan Nuwamba

Yaya Sisiliya,

Ina gaisuwa, ko ba ki amsa ba. Ya ƙafa?

Ki ce wa Nomau ya sauke kayansa. Rabe ya rasu ranar Talata da hantsi, takardarki tana hanya.

Ba shi da kowa a nan, cocinmu ce ta ɗauki jana'izar. Farin yadin da aka shimfiɗa a akwatin ni na ɗinka, ba don ina so ba, don ba wani telan da zai yi. Samarin Sabo suka ɗauko shi daga zaure zuwa mota. Malam Zainulabidin ya bi mu a ƙafa har ƙofar coci a Mokola, ya tsaya a waje cikin rana har aka gama Hadaya. Da na fito ya kama hannuna ya ce, “Barnaba, ka rame. Wani kaya ka ɗauko a zaurena, na gani. Ba zan tambaye ka ba.” Duk garin nan shi kaɗai ne bai tambaye ni ba. Mai ɗakina ma fushi take yi.

Yanzu maganarmu. Yaya, kin karanta abin da ban rubuta ba. Da na ce ya fi ƙarfin bakina, nufina an ɗaure bakin, ko mene ne a ciki. Da satar akuyar ce ma haka zan rubuta. Da zan iya cewa “ba shi ba ne” a ranar da ba shi ba ne, to duk ranar da na yi shiru kowa ya san amsa. Shi ya sa ba a ba mu ko ɗaya. Ban ce miki e ba. Ban ce miki a'a ba. In kika kai wa mai unguwa takardata a matsayin tabbaci, kin yi mini ƙarya.

Kada ki ɗauka zuciyata ta yi sanyi a kan Yaya Arzika. Har yanzu in na tuna shi aiki tsayawa yake. Abin da kika ce game da ruwan nan ya shige ni. Ban san dalilin da ya sa Ubangiji ya bar nagari a bakin rijiya ba. Abin da na sani, wanda ya jawo rosari a cikin ramin nan ba shi kaɗai yake ciki ba.

Dela ba ta sani ba tukuna. Na ba Gwadabe rosarin mijinta ya kai wa katikis. Don Allah a bar ta ta yi makokinta.

Ƙanenki,
Barnabas

Gidan Barmo
Farkon Disamba

Barnabas,

Muna lafiya. Labarin mutuwar ya iso, Dela tana ta kururuwa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina ji. Ban shiga ba.

Ya tsere mana. Ya mutu a kan tabarma da addu'a a kansa. To amma ya bar gida, ya bar rumbu cike da dawar da aka noma a kan iyakar da ya ci mana. Nomau ya ce in dai shi ne, kafin Kirsimeti ba rumbu ba ɗaki, Dela ta kwashi 'ya'yanta ta san inda za ta. Ni nake riƙe da shi, kalmata yake jira. Kuma ya ce in gaya maka, in ka ci gaba da rufa wa maƙiyi asiri, kada ka ƙara taka Gidan Barmo, ko gawarka ba a so.

Mai sirrin ya mutu, wa kake ɓoye wa kuma? Amma na ji, an ɗaure maka baki. To ba sai ka buɗe ba. Ga hanya mai sauƙi. In shi ne, kada ka ba Gwadabe komai wannan zuwan, ya dawo hannu wayam, zan gane. In ba shi ba ne, ka aiko da takarda, ko gaisuwa ce kawai. Ka ga ba ka ce komai ba, Fadanka ba zai kama ka da laifi ba.

Ina jira a bakin hanya.

Sisiliya

Sabo, Ibadan
Watan Disamba

Yaya Sisiliya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Bayana ya tashi, a tsaye nake rubutun nan.

Kai, Yaya, tun muna yara kin fi ni wayo. Kin ɗana mini tarkon da ko na motsa ko na tsaya sai ya kama ni. Gwadabe yana zaune a shagona yana jira, shi bai san hannunsa ne amsar ba.

To ga takarda, amma ki ji da kyau. Wannan ba amsa ba ce. Da shi ne da na rubuto ta, da ba shi ba ne da na rubuto ta, kalma ɗaya ba za ta canza ba. Yadda na hana ki ɗaukar waccan a matsayin e, haka na hana ki ɗaukar wannan a matsayin a'a. Ba Fada nake tsoro ya kama ni ba. Kuma kullen ba ya kwancewa don mutum ya mutu, da shi za a binne ni.

Ki gaya wa Nomau na ji. Kabarin babana yana Gidan Barmo, na so a sa ni kusa da shi. In an hana, akwai ƙasa a Ibadan.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin a yi maganar Rabe a zauren nan ba ki da tabbaci, yau ma ba ki da shi. In kika ba Nomau kalma, taki ce, ba tawa ba, ba ta mai unguwa ba. Ina yi miki addu'a duk lokacin da na shiga layi, kuma layin nan ya yi mini nauyi yanzu fiye da da.

Ƙanenki har yanzu,
Barnabas

Gidan Barmo
Jajiberin Kirsimeti

Barnaba,

Na amsa gaisuwarka. Ka nemi man zafi ka shafa a bayan, kuma ka rage taurin kai ko Allah ya sa ya sauka. Ƙafata ta sake kumbura, yara lafiya.

Takardarka na jefa ta a murhu. Na yi kwanaki ina zaginka, har da iyayenka da ba su yi mini komai ba, Allah ya ji ƙansu.

Ranar Lahadi Fada ya samu rakiyar masu tsaro ya iso. An daɗe ba a gan shi ba, mutane suka fito daga duk ƙauyukan kewaye, coci ta cika har waje. Kafin Hadaya ya sa kujera a gindin ɗorawa yana jin masu furta zunubi. Na je ne don in kai ƙararka, in tambaye shi ko da gaske akwai wannan doka ko kai ka ƙirƙiro ta. Ya ce akwai. Ya ce tunda na durƙusa, ba ni da wani abin faɗa? Ban san yadda aka yi ba, bakina ya buɗe. Na faɗi abubuwan da na ce wa Allah a cikin dawar nan, da abin da nake so ya sami 'ya'yan Dela, da wasu da ban taɓa rubuta maka ba kuma ba zan rubuta ba. Da na tashi na ga jama'a a tsaye nesa suna kallo, sai gabana ya faɗi. Na ce yau da akwai tafinta a nan mai dangi, da na shiga uku.

Kada ka yi murna, ban ce ka kyauta ba.

Lokacin karɓa na daɗe a zaune. Sai da layi ya kusa ƙarewa na ja ƙafata na tashi, ni ce ta ƙarshe. Ina ɗaga kai na ga bayan wadda ke gabana. Dela ce, da baƙin ɗankwalinta. Na so in koma, amma duk Zumunta sun zuba mini ido. Muka isa gaban Fada, ya duba cikin kwanon, ya dube mu. Bai zaci jama'a za su kai haka ba, gurasa ɗaya ce ta rage. Sai ya ɗauke ta ya karya biyu, na ji ƙarar da kunnena. Ya sa rabi a bakin Dela. Ya ɗago ɗaya rabin ya ce mini, “Jikin Kristi.”

Barnaba, Allah ya sani na so in datse haƙorana. Na ce Amin.

Na koma benci ina kuka, kuma kukan haushi ne, kada wani ya gaya maka daban. Bayan an tashi na tare katikis na ce shin rabi aka ba ni? Ya ce a'a, ba a raba Ubangiji, duka aka ba ni, ita ma duka. Na ce ai abin da nake tsoro ke nan.

Da la'asar Nomau ya shigo da galan ɗin fetur, ya ajiye a tsakar gida. Ya ce, “Takarda ta zo, ko? Shi ne?”

Na ce, “Ban sani ba.”

Ya ce, “To ba shi ba ne?”

Na ce, “Ban sani ba, Nomau, kuma ba zan taɓa sani ba. Bar galan ɗin nan ka tafi gida.”

Ya yi ta faɗa, ya ce na ci amanar ɗan'uwansa, ni da kai duk ɗaya ne. Na bar shi ya gama ya fita.

Ban yafe wa Rabe ba, in shi ne. Ban gaishe da Dela ba. Kai ma da sauranka a wurina, amma maganar kabari ka manta da ita, ina raye ba mai hana ka Gidan Barmo. Galan ɗin yana bayan ƙofar ɗakina, na ƙi mayar masa. Gobe in na dawo daga coci zan nemi inda zan kai shi, don ban yarda da zuciyata ba, tun ranar Lahadi ban san sau nawa na leƙa bayan ƙofar nan ba.

Yayarka,
Sisiliya Tabawa